Labarin Sifiriyan, Shahidin Birnin Kartaj

A bakin Bahar Rum, kusa da inda birnin Tunis ya ke yanzu, akwai kufan wani babban birni da a ke kira Kartaj. A zamanin mulkin Rumawa nan ne mazaunin Gwamnan ƙasar da su ke kira Afirka, daga tasharsa kuma jiragen ruwa ke kwasar alkama da man zaitun su kai birnin Rum. A cikin biranen yamma duka, in an ɗebe Rum kanta, da wuya a sami wanda ya fi shi girma da dukiya. A bayan wannan birni ne aka sare kan shugaban Kiristocin ƙasar, mai suna Sifiriyan, ran 14 ga watan Satumba na shekara ta 258, domin ya ƙi yin hadaya ga gumakan Rumawa.

Labarinsa ya zo a rubuce ta hanya uku. Akwai wasiƙu 81 waɗanda shi ya rubuta ko aka rubuto masa, akwai tarihin rayuwarsa da wani mai yi masa hidima, Fontiyus, ya rubuta, akwai kuma labarin shari'arsa wanda aka tsamo daga abin da akawunan kotu suka rubuta. Wanda ya duba waɗannan zai tarar da abin mamaki, watau mutumin nan da ya miƙa wuyansa ga takobi ba gardama, shekara takwas kafin wannan rana ya gudu ya ɓuya, ya bar jama'arsa cikin wahala, har aka yi masa gori a kai.

Asalinsa da naɗinsa

An haifi Sifiriyan wajen shekara ta 200, a gidan masu dukiya, masu bautar gumaka. Ya yi karatu mai zurfi, ya zama malamin fasahar magana, sananne a birnin. Sai da ya manyanta, wajen shekara ta 246, ya shiga addinin Kirista ta hannun wani tsohon limami, aka yi masa baftisma. Da shigarsa ya sayar da dukiyarsa mai yawa ya raba wa matalauta, har da lambunansa, ko da ya ke lambunan sun komo hannunsa daga baya. Ya duƙufa kan karatun Littafi Mai Tsarki da littattafan Tartuliyan, wani malamin Kartaj da ya riga shi, har an ce ba ya yini bai karanta shi ba.

Bai fi shekara biyu ko uku da tuba ba sai shugaban jama'ar Kartaj ya rasu, mutane suka taru suka kewaye gidan Sifiriyan, suka ce shi su ke so. Aka naɗa shi Bishof, watau babban limami mai kula da jama'ar gari da baitulmalinsu da shari'ar da ke tsakaninsu. Amma waɗansu limamai biyar da suka daɗe a cikin aiki ba su ji daɗin a ɗora musu baƙon jiya ba. Suka yi shiru, suka riƙe abin a zuci.

Takardar shaida

A shekara ta 249 Desiyus ya ci sarautar Rum. Ya tarar da daula tana tangaɗi, abokan gaba sun taso ta gabas da ta arewa, ya ɗauka gumaka ne suka yi fushi domin an yi sakaci da su. Sai ya yi doka, kowane mutum a cikin mulkinsa ya je gaban wakilan hukuma ya zuba giya, ya yi hadaya, ya ɗanɗani naman, sa'an nan a ba shi takarda mai sa hannun wakilan, shaidar ya yi. Irin waɗannan takardu fiye da 40 an tono su a ƙasar Masar, kowace da sunan mai ita da ranar da aka ba shi. Ga sauran talakawa abin bai fi biyan haraji wuya ba. Ga Kirista kuwa fita addini ne a bainar jama'a.

Dokar ta faɗa wa Kiristocin Kartaj ba shiri, domin sun yi shekara kusan arba'in ba a taɓa su ba. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa ɗakin gumakan da ke bisa tudun birni, tun ba a kira su ba. Sifiriyan da kansa ya ba da labari da baƙin ciki, cewa da magariba ta yi wakilai suka so su tashi, waɗansu suka riƙa roƙo kada a bar su sai gobe. Masu dabara suka ba akawu hanci, suka karɓi takarda ba su kusanci gunki ba. Kaɗan suka tsaya, aka zuba su a kurkuku, waɗansu suka mutu da azaba, waɗansu da yunwa da ƙishirwa. A birnin Rum, Bishof Fabiyan ya mutu a hannun hukuma ran 20 ga Janairu na 250.

Shi kuwa Sifiriyan, taron gari ya yi ta ihu a filin wasa, a jefa shi ga zaki. Sai ya fita daga birnin ya ɓuya, hukuma ta yi shelar ƙwace kayansa. Ya yi fiye da shekara guda a ɓoye.

Ba a daɗe ba wata wasiƙa ta zo daga limaman Rum zuwa ga limaman Kartaj. A ciki suka yi zancen bambancin makiyayi na gaskiya da ɗan ƙodago wanda ya kan bar tumaki in ya hangi kerkeci. Ba su zarge shi kai tsaye ba, amma kowa ya san wanda aka yi domin shi, ga shi kuwa nasu shugaban bai daɗe da mutuwa a bakin aikinsa ba. Abin ya yi wa Sifiriyan zafi. Ya amsa cewa zamansa a gari ba abin da zai jawo sai ƙarin fitina ga jama'a, tun da shi a ke nema da suna, kuma jikinsa ne kaɗai ya yi nisa. Don su tabbata, ya tattara wasiƙu 13 da ya rubuta daga maɓoyarsa ya aika musu. A cikinsu yana aika kuɗinsa a ciyar da gwauraye da marasa lafiya da baƙi, yana umurtar limamai su riƙa ziyartar fursunoni ɗaya ɗaya don kada dogarai su lura, yana kuma cewa a rubuta ranar mutuwar kowane wanda ya mutu a kurkuku don a riƙa tunawa da shi. Mutanen Rum suka karɓi hanzarinsa. Amma a gida gorin bai mutu ba. Hausawa su kan ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, sai dai talaka ba ya so a yi wannan karin magana a kan shugabansa.

Shari'ar waɗanda suka fāɗi

Da wahala ta yi sauƙi, waɗanda suka yi hadaya suka dawo da yawansu suna neman a karɓe su. Waɗansu daga cikin mutanen da suka sha ɗauri suka fara ba su takardun yafewa, wani lokaci takarda guda ga mutum da dukan iyalinsa, har wani ya rubuta takarda ɗaya da sunan 'yan kurkuku duka ya yafe wa kowa da kowa. Limaman nan biyar suka goyi bayan abin. Suka ga sun sami abin da su ke nema, domin yaya wanda ya gudu zai hana abin da masu tabon bulala suka bayar? A Rum kuma wani malami, Nobatiyan, ya tsaya a ɗaya gefen, ya ce wanda ya yi hadaya ba shi da sauran hanyar komowa har ya mutu.

Sifiriyan ya komo Kartaj bayan Idin Ista na 251, ya tara bishof-bishof na ƙasar, aka zauna. Aka yanke cewa za a duba kowane mutum da irin laifinsa. Wanda ya sayi takarda bai yi hadaya ba, a karɓe shi bayan ya tuba. Wanda ya yi hadaya da hannunsa ya daɗe cikin tuba, amma in ajali ya zo masa kada a bar shi ya mutu a waje. Da aka ji ƙishin-ƙishin wata sabuwar fitina na tafe, sai aka sake zama aka karɓi dukan masu tuba, don a ce kowa ya shiga yaƙi da makaminsa. Masu sassauci ba su gamsu ba, masu tsanani ba su gamsu ba, kowane ɓangare ya naɗa nasa Bishof, har ya zama mutum uku ke da'awar kujera ɗaya a Kartaj. A wannan zamani ne ya rubuta littafinsa da ya fi shahara, a kan haɗin kan jama'ar Kirista.

Annoba da fansa

Ana cikin haka, wajen shekara ta 252, annoba ta shigo birnin. Sifiriyan ya kwatanta ta a wani littafi: zawo mai tsanani, da gyambo a maƙogwaro, da amai ba tsayawa, idanu su yi ja wur, ƙafafun waɗansu su ruɓe, waɗansu su kurumce, waɗansu su makance. Saboda wannan bayani nasa masana tarihi ke kiran cutar da sunansa har yau. Fontiyus ya ce mutane suka riƙa gudun 'yan'uwansu, ana fid da masu numfashi a yar a titi, gawa ko'ina.

Wannan karo bai fita ba. Ya tara jama'arsa ya raba musu aiki, mai dukiya ya kawo dukiya, wanda ba shi da ita ya kawo ƙarfinsa. Ya ce jinya da jana'iza ba za a tsaya kan Kirista kaɗai ba, a yi wa masu bautar gumaka, har da waɗanda suka tsananta musu shekara biyu da suka wuce. A cikin waɗannan shekaru kuma mahara suka faɗa wa garuruwan Numidiya, a ƙasar Aljeriya ta yanzu, suka kwashi mutane. Bishof takwas na can suka kawo kuka, Sifiriyan ya tara gudummawa ya aika musu da kuɗin Rumawa da a ke kira sastar har 100,000 don fansa, ya haɗa da jerin sunayen waɗanda suka bayar. Da irin waɗannan ayyuka ya sake sayen zukatan mutanen Kartaj. Ko da ya yi jayayya mai zafi da Istifanus, Bishof na Rum, a kan ko za a sake yi wa wanda ya fito daga 'yan tawaye baftisma, bishof 87 suka taru a Kartaj ran 1 ga Satumba na 256 suka tsaya a bayansa baki ɗaya.

Gaban Gwamna

A shekara ta 257 Sarki Baleriyan ya yi sabuwar doka, wadda ta nufi shugabanni. Ran 30 ga Agusta aka kai Sifiriyan gaban Gwamna Faternus. Ya amsa shi Kirista ne, shi ne kuma Bishof, ya ce kullum yana yi wa sarakunan Rum addu'ar lafiya, amma ba zai bauta wa kowa ba sai Allah ɗaya. Gwamna ya nemi sunayen limamansa, ya ƙi, ya tuna masa cewa dokar Rumawa da kanta ta hana tsegumi. Aka kore shi zuwa Kurubis, wani ƙaramin gari a bakin teku, wanda yanzu a ke kira Kurba. Daga can ma ya riƙa aika taimako ga waɗanda aka ɗaure a ramukan haƙar ma'adinai na Numidiya.

Bayan kusan shekara guda aka dawo da shi, aka bar shi a lambunansa. Sai labari ya zo cewa an tsananta dokar, duk Bishof ko limami da aka kama a kashe shi nan take, an kuwa kashe Sikstus na Rum ran 6 ga Agusta na 258. Manyan gari, abokansa na dā, suka zo suka roƙe shi ya gudu, suka ce suna da wurin ɓoye shi. Ya ƙi. Sau ɗaya kaɗai ya kauce, sa'ad da sabon Gwamna, Galeriyus Maksimus, yana garin Utika ya aiko a kai shi can. Ya ɓuya 'yan kwanaki, ya rubuta wa jama'arsa wasiƙarsa ta ƙarshe, ya ce bai dace Bishof na Kartaj ya mutu a garin wani ba, sai a garinsa, a gaban mutanen da aka ba shi kiwo. Ya kuma gargaɗe su kada kowa ya ta da hargitsi, kada kowa ya kai kansa ga hukuma ba a neme shi ba. Da Gwamna ya komo Kartaj, shi ma ya komo gidansa ya zauna jira.

Ran 13 ga Satumba jami'ai biyu suka zo suka ɗauke shi a keken doki zuwa gonar wani mai suna Sekstus, inda Gwamna ya ke jinya. Aka ɗaga shari'a sai gobe, ya kwana a gidan ɗaya daga cikin jami'an. Kiristocin gari suka kwana a ƙofar gidan, shi kuwa ya aiko daga ciki a lura da 'yan matan da ke cikin taron. Da gari ya waye aka shigar da shi. Shari'ar ba ta daɗe ba. Gwamna ya tabbatar da sunansa, ya gaya masa umurnin sarakuna, ya ce ba zai yi ba. Gwamna ya ba shi shawara ya yi tunanin kansa, ya amsa cewa Gwamna ya yi abin da aka umurce shi, magana a fili ta ke, ba ta bukatar tunani. Gwamna ya yi shawara da 'yan majalisarsa, ya faɗi hukunci da ƙyar, ya karanta daga allo cewa a kashe shi da takobi. Sifiriyan ya yi godiya ga Allah. Jama'a suka ɗauki kururuwa, a sare su tare da shi.

Aka fito da shi fili, mutane suka hau itatuwa don su gani. Ya tuɓe alkyabbarsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa masu hidima, ya tsaya da 'yar taguwar lilin. Da hauni ya zo, ya ce wa mutanensa su ba shi zinariya 25. Jama'a suka shimfiɗa ƙyallaye a gabansa don su tari jininsa. Ya ɗaure idanunsa da kansa, mutum biyu daga cikin mutanensa suka taya shi ɗaurin da bai iya yi ba, aka sare shi. Da dare aka ɗauki gawar da kyandirori da jiniyoyi, aka kai ta maƙabartar wani ma'aikacin hukuma a kan hanyar Maffaliya, aka binne. Bayan 'yan kwanaki Gwamnan da ya yanke hukuncin shi ma ya mutu. Shekara biyu bayan haka Farisawa suka kama Baleriyan a yaƙi, ɗansa Galiyenus ya janye dokar, ya mayar wa Kiristoci da wurarensu.

Girmama shi bayan mutuwarsa

Tun daga ranar nan ba a ƙara jin gorin gudu ba. Mutanen Kartaj suka ɗauke shi waliyyin garinsu. Aka gina babbar majami'a a kan kabarinsa, aka gina wata a inda aka sare shi, a can aka kafa wani bagadi da a ke kira Teburin Sifiriyan. Akwai kuma wani ɗakin tunawa da shi kusa da teku. A nan ne Monika, uwar Agustin, ta kwana tana kuka da addu'a a shekara ta 383, daren da ɗanta ya yaudare ta ya shiga jirgi zuwa Rum. Agustin ɗin nan, da ya zama Bishof na Hiffo, ya yi wa'azi sau da yawa a ranar tunawa da Sifiriyan. Daga bakinsa aka ji cewa a dā mutane su kan kwana suna waƙa da rawa a wurin kabarin, har Bishof Awreliyus ya hana, ya mai da daren na addu'a.

Abin da ya biyo baya sai ya zama kamar gādon da 'ya'ya ke faɗa a kai. Bayan shekara ta 311 Kiristocin Afirka suka rabu biyu, 'yan Donatus da sauran jama'a, kowane ɓangare yana cewa shi ne magajin Sifiriyan. 'Yan Donatus suka kafa hujja da ra'ayinsa na sake baftisma. Agustin ya rubuta littafi mai kashi bakwai ya amsa musu, ya ce ko da Sifiriyan ya saɓa da Istifanus, bai yarda ya raba jama'a a kan saɓanin ba, wannan kuwa shi ne abin koyi. Mutumin da ya rubuta littafi a kan haɗin kai, da sunansa aka yi jayayya fiye da shekara ɗari.

Sunansa ya ƙetare teku da wuri. A jerin ranakun shahidai na birnin Rum da aka rubuta a shekara ta 354 akwai sunansa, alhali kusan duk na cikin jerin mutanen Rum ne. A gabas kuwa labarinsa ya cakuɗe da na wani Sifiriyan na Antakiya, wanda aka ce boka ne ya tuba, har babban malami Giregori na Naziyanzus ya haɗa su mutum ɗaya a wa'azin da ya yi a Kustantiniya a shekara ta 379.

A shekara ta 439 ƙabilar Bandal ta ci Kartaj. Su ma Kiristoci ne, amma na wata ɗariƙa dabam, suka ƙwace majami'un Sifiriyan suka ba limamansu. Farokofiyus, marubucin da ya biyo rundunar Rumawan gabas, ya ba da labarin cewa matuƙan jirgi sun sa wa guguwar da ta kan taso a wannan lokaci na shekara sunan Sifiriyan. Ya kuma ce a watan Satumba na 533 limaman Bandal sun share majami'ar, sun rataye fitilu, sun fito da kayan ado domin idin, sai labari ya zo Belisariyus ya kori rundunarsu a bayan gari. Suka watse, mutanen gari suka shiga suka kunna fitilun da aka shirya, suka yi idinsu.

A shekara ta 698 Hasan ɗan Nu'umanu ya ci Kartaj, birnin ya mutu, Tunis ta tashi a madadinsa, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gini da su. Majami'un suka rushe, amma littattafansa suka wanzu, masu kwafi suka yi ta juya su a ƙasashen Turai, har aka buga su da inji a birnin Rum a shekara ta 1471. Kiristocin Katolika na tunawa da shi ran 16 ga Satumba tare da abokinsa Karniliyus, Bishof na Rum, domin ran 14 ta haɗu da wani idi. Kiristocin gabas kuwa ran 31 ga Agusta su ke yi. Sunan ya iso har Nijeriya: shi ne sunan Cyprian Ekwensi, marubucin da aka haifa a Minna a shekara ta 1921, shi ne kuma sunan da Fada Tansi, limamin ƙasar Ibo, ya ɗauka sa'ad da ya shiga gidan masu zuhudu a Ingila.

Shekara goma kaɗai Sifiriyan ya yi yana shugabanci. A cikinsu ya ɓuya sa'ad da ya ga ransa zai fi amfanar jama'a, ya ɗauki zargin da ya biyo baya, ya zauna cikin annoba sa'ad da masu hali ke gudu, ya kuma zaɓi garin da zai mutu. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Abin da ya faɗa gaban Gwamna bai fi 'yan kalmomi ba, akawun kotu ya rubuta su kamar yadda ya saba rubuta na kowa, su ne kuwa aka riƙa karanta wa jama'ar Kartaj ran 14 ga Satumba, shekara da shekaru.